Ƙamus Ya Ja Mini

Ni malamin lissafi ne, ba ruwana da adabi. Amma da walimar sallamar shugaban makarantarmu ta matso, malamar Turanci tana jego, sai aka ɗora mini rubuta jawabin bankwana. Ban ko yi gardama ba, don ina taƙama da wani ƙaton ƙamus na Turanci da na saya a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Ba shi da bango, gara ta ci gefe ɗaya, amma nauyinsa ya kai na tubali.

Abin da ban sani ba shi ne, irin wannan ƙamus na tarihi ba ya farawa da ma'anar da ake amfani da ita yau. Bisa shekaru yake jera su: wadda ta fi tsufa, ko asalin sunan, ita ce ta 1, ta yau kuwa tana can ƙasa a ta 3 ko ta 4. A gefen tsohuwar ana sa ɗan guntun rubutu, obs. ko arch., wato wannan ta mutu ko ta kwana biyu. Ni na ɗauka Obs. sunan wani farfesa ne. Layin farko kawai nake karantawa in kwafe.

Ranar walima na sha babbar riga, na karɓi makirufo. Na fara da kiran shugaba egregious. A Latin kalmar na nufin wanda ya fita daban a cikin garke, kuma da can yabo ce, zakaran gwajin dafi. Yau ba a faɗarta sai ga ɓarnar da ta wuce misali. Aka tafa. A layin gaba akwai wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ya koyar da shi kansa shugaban, sai na ga ya cire tabarau yana gogewa.

Na ce kofin gasar kacici-kacici da muka ciyo Pyrrhic victory ne, don na ga sunan sarki a ciki. Sarki ne kam, Firus na Efirus a ƙasar Girka, wanda ya ci Romawa da yaƙi a Askulum shekara 279 kafin Miladiyya. Sai dai jarumansa da yawa sun ƙare a wurin, har ana cewa ya ce in ya sake irin wannan nasara, tasa ta ƙare. Riba ce wadda ta cinye uwar kuɗi. Dattijo ya fara tari.

Da na zo kan yadda shugaba ke zuwa duba marasa lafiya, sai na naɗa masa Job's comforter. Job ai Annabi Ayuba ne, to wane ne ya fi mai lallashinsa lada? Ashe daga Littafi Mai Tsarki na Kirista maganar ta fito, inda abokai uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo masa jaje. Kwana bakwai suna zaune ba wanda ya ce uffan, da suka buɗe baki kuma sai suka ce lallai laifinsa ne ya jawo masa. Wato mai zuwa dubiya ya ce maka wane ma haka ya fara, bai kai sati ba.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Na juya wajen Hajiya, uwargidan shugaba, na ce ita ce Xanthippe ta zamaninmu. Ƙamus ya ce matar Sokratis ce, babban masanin falsafa na Atina, sauran layin kuma yana cikin gara. Hajiya ta yi murmushi, mata suka rangaɗa guɗa.

Ana tashi dattijo ya yafito ni.

"Ɗana, wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni ne da kaina, Baba."

"Ka san Zantifi?"

Ya zaunar da ni ya warware mini su ɗaya bayan ɗaya. Zantifi ita ce Turawa ke buga misali da ita wajen masifa. Ana ba da labarin wata rana ta gama zazzaga wa mijinta faɗa, ta ɗauko ruwa ta sheƙa masa a ka, shi kuwa ya ce ai dama bayan tsawa sai ruwa.

Na ce, "Baba, ko ɗaya ban dace ba?"

Ya ce akwai wadda ta dace, amma ban sa ta ba: stentorian. Daga Stento ne, wani sanƙira a tatsuniyar Girkawa ta yaƙin Taroyi, mai murya kamar ta mutum 50. Ya ce da ita na yi karatun, har masu shayi a bakin ƙofa sun ji.

Ina cikin lissafin ta inda zan sulale, sai na hango 'yar autar shugaba, wadda ke jami'a, tana nuna wa mahaifiyarta wani abu a waya. Hajiya ta karanta, ta ɗago, muka haɗa ido. Ta miƙe a hankali, ta ɗauki robar ruwan wanke hannu, cike taf, ta nufo teburinmu.

Na dafe hula na sunkuya.

Ta ajiye robar a gabana, ta ce, "Malam, wanke hannu ka ci abinci. Yau dai hadari ne kawai."