Bugun zuciyar da muke kira gajiya

Jama'a, akwai ciwon da muke rainawa a Abuja, kuma abin yana ci min rai. Mutum zai ce zuciyarsa na bugawa ba tsari, ta yi gudu, ta lafa, ta sake ɗauka, sai a ce gajiya ce ko tunanin kuɗin haya, a aika yaro kemis. Sau da yawa rikicewar bugun ɗakunan sama na zuciya ce, wadda likitoci ke kira AF. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai ita ya ninka na sauran mutane kusan sau 5, domin jini kan kwanta a lungun zuciya ya yi guda, gudan ya wuce ƙwaƙwalwa.

Da farko zuwa take ta tafi, ta yi awa ko kwana ta sauka da kanta. In aka yi sake, sai ta zauna daram, ta haura kwana 7 ba ta saki mutum ba.

A 1998 likitoci a Bordeaux ta Faransa, ƙarƙashin Michel Haïssaguerre, suka gano cewa tartsatsin lantarkin da ke tayar da cutar yawanci daga bakin jijiyoyi 4 yake fitowa, waɗanda ke kawo jini daga huhu. A nan aikin daskarewa ya samo asali, wato maganin cutar ta hanyar daskarar da bakin waɗannan jijiyoyi. Ba a tsaga ƙirji. Ta jijiyar matsematsi ake zura siririn bututu har cikin zuciya, a huda bangon tsakiya a shiga ɗakin hagu. A bakin bututun akwai 'yar balan-balan, yawanci milimita 28. A hura ta, ta toshe bakin jijiya, a saki iska mai sanyi a cikinta har ta kai digiri 40 ƙasa da sifili ko fiye, a bar ta minti 3 zuwa 4. Naman wurin ya daskare ya bar tabo zagaye, tartsatsi kuwa ba ya ƙetare tabo. Haka za a bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Amurka ta amince da aikin a 2010 ga masu mai zuwa ta tafi, sai 2020 ga waɗanda tasu ta zauna. Binciken FIRE AND ICE na 2016 ya nuna bai gaza ɗaya hanyar, wato ƙona wurin da zafi, ba ga rukunin farko. Wannan tazarar ta shekara 10 ita nake so mu duba. Idan cutar ta daɗe, ɗakin zuciya ya buɗe ya yi tabbai ko'ina, matsalar ta wuce bakin jijiyoyi, saboda haka ta fi saurin dawowa bayan aiki.

Mu kuwa a makare muke zuwa. Akwai dattijo a unguwarmu a Kubwa da ya daina hawa gadar ƙetare titi, sai ya dafa ƙarfe yana haki tun a matakalar farko, iyalinsa na cewa tsufa ne. Sai da ƙafa ta kumbura aka yi masa ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura. Yanzu ana batun sayar da fili a tafi Indiya, alhali hawan jininsa ya yi shekaru ba mai dubawa.

Aikin daskarewar na da nasa haɗarin. Sanyin kan taɓa jijiyar da ke motsa tantanin numfashi ta dama, ko da yake galibi tana farfaɗowa, wani lokaci kuma jini kan taru a kewayen zuciya. Kuma don Allah, wanda aka yi wa kada ya jefar da maganin tsinka jini don ya ji sauƙi. Aƙalla wata 2 wajibi ne, bayan nan likita ne zai yanke, gwargwadon shekaru, hawan jini da sukari.

Duk mai zuwa awon hawan jini ya ce a riƙe masa wuyan hannu minti guda a ji bugun. In ba tsari, ya nemi ECG a ranar.