Ɗaki da taga ɗaya a damina

Wai me ke damun masu gina gidajen haya a Maradi ne? Ɗaki guda, taga ɗaya kamar ta kurkuku, ita ma tana kallon katangar maƙwabci. Agusta na kamawa rima ta hau bango, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Ka ɗaga katifa, ƙasanta baƙi ƙirin da funfuna. Shaddar da ka adana a akwati sai warin laima. Yaro mai fuka kuwa kwana yake tari.

Ka yi magana, mai gida ya ce ka sa turaren wuta. Haba Alhaji! Turare na busar da bango ne? Fanka ma iskar ɗakin kawai take juyawa. Taga biyu masu fuskantar juna muke roƙo, iska ta shiga ta fita, a kuma ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu.