Lamba 9 ta Yekini

Na gode da rubutun da kuka wallafa kuka tuna da Rashidi Yekini, tsohon ɗan ƙwallon Najeriya mai lamba 9, Allah ya jiƙansa. Sai dai ban yarda da maganar da marubucin ya yi ba cewa lambar riga ado ce kawai. Ƙila ga yaran yau haka ne, da ake ganin ɗan wasan gaba da 45 ko 99 a bayansa. A da, ko daga ƙarshen fili ka hango lamba ka san aikin mai ita: 1 na raga, 2 da 3 suna baya, 7 da 11 na gudu a gefe, 10 shi ke raba ƙwallo. Wanda aka ba 9 kuwa, in an tashi babu ci, shi za a tuhuma. Gasar Firimiya ta Ingila ma sai a 1993 ta fara ba kowa lambarsa ta dindindin.

Yekini ya ɗauki wannan nauyi ba gardama. Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya, ga kambun gwarzon Afirka a 1993. Duk wanda ya kalli wasa da Bulgeriya a Amurka a 1994 ba zai manta ba: abokin wasansa Finidi, mai lamba 7, ya turo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta ciki, ya bi ta har raga ya damƙe zaren da hannu biyu yana ihu. Ƙwallonmu ta farko ke nan a kofin duniya. Abin da ke min ciwo shi ne irin kaɗaicin da ya rasu a cikinsa a Ibadan a 2012, mutumin da ya fara taka leda a Kaduna.