Ba ko'ina ake sauka a tsibirin Deception ba

Malam, sannu da ƙoƙari kan wannan labari na masu yawon buɗe ido a tsibirin Deception da ke Antaktika. Sai dai inda kuka ce jirgi na iya tsayawa ko'ina a gaɓarsa, akwai gyara.

Tsibirin bakin dutse ne mai aman wuta da teku ya cike, kuma ƙofar shiga ɗaya ce tak, mashigin Neptune's Bellows, mai faɗin kimanin mita 230. A tsakiyarsa dutsen Ravn na kwance mita 2.5 kacal ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa matuƙi ke raɓa bangon dutse ta gefe guda, in iska ta yi ƙarfi kuwa ya haƙura da shiga. A 2007 jirgin Nordkapp ya gogi dutse a wurin.

Da an wuce, ga lungun Whalers Bay a hannun dama, ruwansa a kwance. Nan ne sauka ke da sauƙi.

Gaɓar waje ce matsalar. A Baily Head igiyar ruwa na dukan tudu kai tsaye, babu abin da ya tare ta. Da kwalekwalen roba ake zuwa, ma'aikata su shiga ruwan sanyi su riƙe shi, fasinja su fita da sauri tsakanin igiya da igiya. Idan kwalekwalen ya ba igiya gefe, sai ta cika shi ko ta kife shi. Wanda ya san kwalekwalen Kogin Kaduna da damina ya san haɗarin nan.

Ku ƙara da cewa dutsen tsibirin ya yi aman wuta a 1967 da 1969 da 1970.

Mai karatu daga Kaduna