Mai kantin unguwa ba abokin gaba ba ne

Duk sanda kaya suka yi wuya a ƙasarmu, wanda ake fara nuna wa yatsa shi ne mai kanti. Shi ya ɓoye, shi ya tsawwala, shi ne marar imani. Ban taɓa gamsuwa da wannan zance ba, zaman Ingila kuma ya ƙara nisanta ni da shi.

Aikina a nan kula da tsofaffi ne, a wani gari na arewacin ƙasar. Da yawansu sun haura tamanin, wasu sun taka casa'in, wato suna yara lokacin yaƙin Hitila da shekarun da suka biyo bayansa. Tsohuwar da ba za ta iya gaya maka abin da ta karya kumallo da shi ba, in ka taɓo mata kantin layinsu sai ta wartsake. Za ta kwatanta maka yadda mai kanti ke yanka cuku da siririyar waya, ya aza a sikeli, ya rage ɗan ɓalli ya mayar, uwarta na tsaye ta kafa wa allurar sikelin ido. Sukari a auna shi a zuba cikin jakar takarda mai launin bula, a naɗe bakin. Sannan ya karɓi ɗan littafin kowa ya soke gurbin wannan mako.

Littafin nan shi ne kan maganar. Ranar 8 ga Janairu 1940 gwamnatinsu ta fara ƙayyade abinci, ta soma da sukari da man shanu da naman alade, daga baya nama da ganyen shayi suka shigo. Tufafi a 1941, sabulu a 1942. A yawancin shekarun yaƙin rabon babban mutum na mako bai wuce sukari giram 230 ba, ganyen shayi bai kai giram 60 ba, ƙwai guda ɗaya in an samu. Kowa da littafinsa har jariri, har 'yan gidan sarauta. Rigar auren Gimbiya Elizabeth a 1947 ma da takardun rabon tufafi aka sayi yadinta. Ƙarewar yaƙi a 1945 bai kawo sauƙi nan take ba. Burodi da ba a taɓa ƙayyade shi ana tsakiyar yaƙi ba, sai a 1946 aka ƙayyade shi har 1948. Sukari ya kai 1953, nama kuwa sai Yulin 1954. Shekara goma sha huɗu cur.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne ta hannun wa aka bi. Gwamnati ba ta tsayar da mota a fili tana jefo buhu ba. Uwargida ce za ta je kantin da ta ga dama a unguwarsu ta yi rajistar mutanen gidanta, gwamnati kuma ta sakar wa mai kantin kaya daidai yawan kawunan da ke rubuce a wurinsa. Kuɗinka za ka biya, a farashin da aka yanke, amma rabonka na nan yana jiranka ko da yamma ka zo. Ba waliyyai ba ne, kada a ce na cika yabo. Tsofaffin da kansu suna ba da labarin kayan da ake ajiyewa ƙarƙashin kanta don na hannun dama, da mahaucin da ke yi wa wata murmushi ya ɗaure wa wata fuska, da kasuwar bayan fage. Sai dai wanda aka kama kotu yake zuwa, kuma ainihin rabon bai dogara da murmushin kowa ba.

A shekarun nan kakata tana amarya a cikin birnin Katsina, ƙarshen zamanin Sarki Dikko da farkon na Sarki Usman Nagogo. Abin da take tunawa da yaƙin Hitila uku ne: gishiri, kananzir da yadi. Kantunan kamfani irin su UAC da John Holt, da a da suke cike da akoko da alawayyo, suka yi fayau. Mutane suka koma wa saƙi, aka farfaɗo da fitilar man gyaɗa, gishiri kuma aka dogara da kantun da Buzaye ke saukowa da shi daga Bilma a kan raƙuma. Gyaɗar da manomanmu suka noma kuwa tana tafiya Kano, ta hau jirgin ƙasa zuwa teku, a farashin da Turawa suka yanke, ta je ta zama man da ake auna wa waɗannan tsofaffin nawa suna yara. Na taɓa faɗa wa ɗaya daga cikinsu haka, ya yi shiru, sannan ya ce a makaranta ba a koya masu wannan ba. Kakata dai babu wanda ya ba ta littafin rabo. Abin da ta samu shi ne wani mai tebur a bakin zaure da ya san mijinta, yana ɓallo mata gishiri ya ce a kawo kuɗin in an sayar da gero.

Yaƙin da ya fi taɓa kantunanmu shi ne na basasa, 1967 zuwa Janairun 1970, kuma tun kafin a harba bindigar farko abin ya soma. Bayan kashe-kashen 1966 'yan kasuwa Ibo, waɗanda ke riƙe da kantuna da yawa a garuruwan Arewa, suka kwashe suka tafi. Gwamnati ta taƙaita shigo da kayan waje, a Janairun 1968 kuma aka canza takardun kuɗi. Cikin wannan giɓi samarin gari da dama suka tashi daga tebur zuwa tireda, daga tireda zuwa shago. Mai kantin unguwarmu, can wajen Ƙofar Ƙaura, yana cikinsu. Mu da muka taso daga baya Baba kawai muke ce mashi.

Shagon ɗaki guda ne da aka fasa wa ƙofa ta waje. Ashana, bula, sabulun wanki da yake yankawa da zare, sukarin ƙwaya da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, madarar gwangwani, lagwani, batir, allura, kananzir a kwalba an toshe da totuwa. Mata suna cikin gida, don haka cinikin duk na yara ne. Ka zo ka durƙusa, “Baba, wai in ji Inna a ba ta sukari da ganyen shayi, a rubuta.” Ba ya tambayar wace Inna. Ya jawo wani littafin makaranta da ya sha maiƙo, ya rubuta da ajami, ba sunan mutum ba, sunan gida. In gidan ya yi nisa a bashi ba zai faɗa wa yaro ba, sai bayan Magariba ya tari mai gidan a ƙofar masallaci su yi ƙus-ƙus. Iyayenmu sun ce da naira ta zo a Janairun 1973, shi ya zama malamin lissafin tsofaffin unguwa, fam ɗaya naira biyu, sule kobo goma, kuma a shekarar ce fari ya yi tsanani, littafin ya cika har ya sayi na biyu.

Tsarin namu akwai rufin asiri a ciki, amma yana da illa biyu da ba mu son faɗa. Sai an san ka. Baƙon da ya sauka jiya, ko bazawarar da ba ta da namiji mai zuwa masallacin, ba su da shafi. Sannan duk nauyin yana wuyan mutum guda mai ƙaramin jari, wanda shi ma bashi ya ɗauko a babbar kasuwa.

To da gwamnati ta tashi shiga maganar, sai ta tsallake shi. Wannan da idona na gani, a 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, lokacin layin “esenko”, wato layin sayen kayan masarufi a farashin hukuma. A garuruwa da dama an fasa shaguna an sayar da kaya a farashin hukuma da sunan maganin masu ɓoyewa. Madara, sukari, Omo, shinkafa, sai ka bi layi tun asuba. Wa ke iya wannan layi? Ba tsohuwa ba, ba matar kulle ba, ba malamin da ke da aji ƙarfe takwas ba. Majiya ƙarfi ne ke samu, su zagayo su sayar da tsada, wani lokaci ma ga mai kantin da aka ce shi ne ɓarawon. Baba ya rage kayan da yake ajiyewa don tsoro, wanda ya sha wuyar hakan kuwa mu ne masu “a rubuta”. Har yau ba mu sauya ba. Tallafi ya zo, a jibge a sito, a kira 'yan jarida, a tara jama'a a rana. Mun ga yadda aka fasa rumbunan tallafin korona a jihohi da dama a Oktoban 2020, mun kuma ji rayukan da turmutsitsin rabon abinci ya ci a ƙarshen 2024.

Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. A kowace unguwa ta Katsina ko Daura akwai mutumin da ya san gidan da aka daina sayen madara, da gidan da aka koma ƙullin sukari na naira hamsin, da gidan da yaro ya daina zuwa sam don kunyar bashi. Babu jami'in da ke da wannan sani. Yau kuma yawancinsu suna da waya da asusun banki, wasu har da na'urar POS, abin da mai kantin Ingila na 1940 bai ko yi mafarkinsa ba. Shi da fensir da almakashi ya yi aikin.

Abin da nake cewa shi ne tallafi ya bi ta hannun masu kantin unguwa. Na san abin da za a ce: ranar da aka sanar cewa tallafi zai bi ta shaguna, kafin gari ya waye kowane ɗan siyasa ya buɗe wa ƙanin matarsa shago. Haka ne, in hukuma ce za ta zaɓi shagunan. A Ingila ba ita ke zaɓa ba. Masu gida ne ke kai sunansu inda suka yarda da shi, kaya kuma su bi sunayen, shagon da babu wanda ya rubuta kansa a ciki ba ya samun ko ƙwayar sukari.