Ga matasa masu son rubuta fim ɗin duniya biyu: ina matar da aka bari a gida?

Assalamu alaikum. Wannan nasiha ce ga ƙannenmu da abokanmu masu rubuta labari a waya, da masu haɗa gajerun finafinai suna ɗorawa a YouTube, musamman waɗanda idonsu ya faɗa kan wani nau'in fim na ƙagaggen labarin kimiyya. Mutum ya kwanta barci, ya farka a wata duniya mai kama da tamu sak, sai dai a can bai auri matarsa ba, ko kuma ya auri wadda suka rabu tun suna makaranta. Irin wannan fim yana da jan hankali, kuma ba ya cin kuɗi kamar mai nuna jirage a sararin samaniya. Gida ɗaya da 'yan wasa huɗu sun isa. Wannan sauƙin ne ya sa ake yawan ɓata shi, kuma ɓarnar ba a allo take tsayawa ba. Akwai magidancin da zai kalla, ya koma gida yana ganin matarsa kamar kuskuren da ya tafka.

Ku fara sanin inda maganar ta samo asali, don kada ku yi wa kimiyya ƙarya. A shekarar 1957 wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Princeton ta Amurka, Hugh Everett, ya kawo wata fassara ga halayyar ƙananan ƙwayoyin zarra. Ya ce idan abu yana iya fitowa ta fuska biyu, to duka biyun suna faruwa, kowace a reshenta. Ra'ayi ne cikin ra'ayoyi, masana na ta jayayya a kansa, kuma babu wanda ya taɓa leƙa wani reshe ya dawo da labari. Abin da masu fim ba sa faɗa shi ne, a cikin ra'ayin kansa rassan ba sa sake haɗuwa bayan sun rabu. Ƙofar da jarumi ke bi ya tsallaka, marubuci ne ya ƙirƙire ta. Don haka kada ka sa wani farfesa mai farin gilashi ya shafe minti biyar yana rantsuwa cewa kimiyya ta tabbatar. Jimla biyu sun wadatar, ka wuce.

Ginshiƙin labarin shi ne mararraba, wato lokacin da rayuwa ɗaya ta rabu gida biyu. Guda ɗaya ake so, kuma ƙarama. A fim ɗin Sliding Doors na 1998, mararrabar ƙofar jirgin ƙasa ce a Landan. A hanya ɗaya matar ta samu shiga, ta isa gida da wuri ta kama saurayinta yana cin amanarta. A ɗaya hanyar ƙofa ta rufe, ta ci gaba da zama da shi ba ta san komai ba. Daƙiƙa biyu ne tsakani. A al'adar rubutun fim shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya, to in fim ɗinka na minti 90 ne, mararrabar ta bayyana kafin shafi na 15. In ka wuce nan, mai kallo ya riga ya ɗauka wani fim yake kallo daban.

Daga nan sai aikin da mafi yawanku ke gudu. Ɗauki takarda ka raba ta biyu, ka rubuta shekarun da suka biyo bayan mararrabar a gefe, ɗaya bayan ɗaya, ka cike abin da ya faru a kowane ɓangare. Duk wani bambanci dole ka iya jan zarensa har ya koma kan mararrabar. Bai auri Hauwa ba, shi ya sa bai zauna a Zariya ba, shi ya sa bai shiga shagon surukinsa ba, shi ya sa ya ƙare a aikin banki a Legas. Wannan ya tsaya da ƙafarsa. Amma idan a duniya ta biyu mahaifiyarsa da ta rasu tana raye, ya ƙara tsayi, garinsu ya samu wuta ba ɗaukewa, to marubuci yana zuba burinsa ne kawai. Ku kula da batun 'ya'ya. Idan uwa ta canza, ɗa ya canza. Ko da matar ɗaya ce, in auren ya jinkirta da wata guda, yaran da za a haifa wasu ne daban. Sa yaro ɗaya ya fito a duniya biyu da uwa daban-daban kuskure ne da ko ɗan sakandare zai kama.

Sai alamar da mai kallo zai riƙa gane inda yake. A wancan fim na Landan sun fara da filasta a goshin matar a hanya ɗaya, daga baya a ɗaya hanyar ta rage gashinta ta rina shi. A fim ɗin Hausa gashi a rufe yake, don haka ku nemi abin da ake gani daga nesa: launin mayafi da ba ya sauyawa a kowace duniya, gilashin ido, gemu, ko lalle. Ku haɗa alama ɗaya a jiki da ɗaya a ɗaki, kamar labule ko agogon bango, sannan hasken ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗumi. Inda ake faɗuwa shi ne wajen ɗauka, domin fim ba a jere ake ɗaukar sa ba, wuri-wuri ake bi. A falo ɗaya, a yini ɗaya, za ku iya ɗaukar fitowa shida ta wannan duniya da huɗu ta waccan. Ku sa wa kowace fitowa harafi a takarda, ku ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai duba kaya, yana ɗaukar hoto da waya kafin kowace ɗauka. Zobe ɗaya da aka manta a yatsa ya isa ya rikita labarin duka.

Idan jarumi zai haɗu da takwaransa, wato shi kansa na waccan duniya, a hoto ɗaya, a kafa kyamara a kan ƙafarta, a kulle saitin haske da na kaifin hoto, kada kowa ya sake taɓa ta. A zaɓi wani layi a tsaye a tsakiya, kamar gefen ƙofa, wanda ɗan wasa ba zai ƙetare ba. A ɗauki ɓangaren hagu wani yana karanta masa amsa daga gefe, ya sauya kaya, a ɗauki na dama, a haɗa a kwamfuta. A cikin ɗaki ake yi, tagogi a rufe, saboda kafin ya gama sauya riga inuwar rana ta matsa, tsagar za ta fito fili. Wutar janareto mai hawa da sauka ma haka take yi. Wanda ba shi da halin wannan ya nemi mutum mai tsayin jarumin, a ɗauko ƙeyarsa da kafaɗarsa kawai.

Ƙofar kuma sai ta kasance da farashi. Rubuta wa kanka layi uku kafin ka fara: ta yaya ake tsallakawa, sau nawa, kuma me ake rasawa. In ana shiga ana fita kyauta, mutuwa ba ta da nauyi, saki ba shi da nauyi, tunda akwai wata matar a maƙwabciyar duniya.

Duk wannan sana'a ce, ana koyon ta. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ma'aunin da ake tauyewa. Ku ɗauki agogo ku auna irin waɗannan finafinai. Auren gida ana nuna shi a shekararsa ta goma, da kuɗin makaranta, da cefane, da yaro mai zazzaɓi, da mace da ta gaji har ba ta da bakin hira. Ita kuwa ta waccan duniya ana nuna ta a makon farko, da kwalliya, da kiɗa mai taushi a ƙasa. Wato an ɗora auren shekara goma a sikeli ɗaya da amarci. Wannan zalunci ne, kuma shi ne yake shiga zuciyar mai kallo ba tare da ya lura ba. Gyaran a bayyane yake: waccan matar ma a ba ta shekara gomanta. A nuna ta da tata gajiyar, da danginta, da abin da take yi wa gori, da ranar da ba ta son ganin kowa.

Akwai masu tauye ma'aunin ta ɗaya gefen, su ma ba mu yarda da su ba. A The Family Man na shekarar 2000, wani attajirin New York ya farka yana mai sayar da taya, da mata da 'ya'ya biyu, matar kuma ita ce budurwar da ya bari shekara 13 da suka wuce. An shirya komai don mai kuɗi ya zama abin tausayi, mai iyali ya zama ɗan gata. Da ya koma rayuwarsa, yaran nan biyu da aka sa muka shaƙu da su sun shafe kamar ba a yi su ba. Wanda ya fi kusa da adalci shi ne Everything Everywhere All at Once na 2022. Matar tana fama da shagon wanki da masu karɓar haraji, mijin yana riƙe da takardun saki, sai ta hango rayuwar da ba ta aure shi ba, ta zama tauraruwa. Fim ɗin bai ce waccan rayuwar ba ta da daɗi ba, ya bar ta da kyanta. Sai dai ya tilasta wa matar ta sake duban mijin nan da ta raina, ta ga aikin da haƙurinsa yake yi a gidan tun da daɗewa. A nan ne marubuci ya kamata ya zauna ya daɗe.

Ga tambayar da ba ta da daɗi, amma dole a yi ta. Mutumin da ya tsallako ya tarar da matar takwaransa, mijinta ne? Fuska ɗaya, murya ɗaya, amma shekarun da ya rayu daban ne, kuma ba shi ya biya sadaki ba, ba shi waliyyinta ya bai wa ita a gaban shaidu ba. Da yawa daga finafinan Turawa suna mai da wannan abin dariya, su wuce. Kaɗan ne suka kalle shi a matsayin laifi. A Coherence na 2013, wanda aka ɗauka a gida ɗaya cikin dare biyar, wata mata ta gano gidan da takwararta ke zaune lafiya da masoyinta, ta far mata don ta gaje wurinta, kuma fim ɗin bai wanke ta ba. Kai marubuci Bahaushe ba ka da uzurin tsallake wannan. Ka sa baƙon ya nesanta kansa, ko ya faɗi gaskiya a ɗauke shi mahaukaci, ko matar ta gane daga yadda yake gaishe da mahaifiyarta. Fitowa mafi ƙarfi a fim ɗinka daga nan za ta fito.

Sannan ina mijin asali ya tafi? Ina kuma matar da jarumi ya bari? Galibi ana kashe mata fitila a shafi na 15, ba a sake kunnawa sai ya ga dama ya dawo. Alhali ta wayi gari babu miji, babu kuɗin cefane, dangi na yi mata kallon tuhuma. A fiƙihun Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace a ƙasar Musulmi lokacin zaman lafiya, in ta kai ƙara aka bincika ba a same shi ba, kuma akwai abin ciyar da ita daga dukiyarsa, ana ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10. Rabin fim ke nan a hannunku kuna zubarwa. Ku koma wurinta aƙalla sau ɗaya a kowane shafi goma.

Game da ƙaddara, ku yi hattara da abin da kuke sa wa jarumi a baki. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda abu ya same shi ya ce da na yi kaza da kaza ne ya faru, ya ce a maimakon haka mutum ya ce Allah ne Ya ƙaddara, kuma abin da Ya so shi Yake aikatawa, domin wannan tunanin yana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Nau'in fim ɗin nan kacokan a kan wannan tunanin aka gina shi. Ba laifi ba ne a nuna mutumin da da-na-sani ke ci, tunda akwai irinsa a kowace unguwa. Laifin shi ne labari ya gaskata shi, ya nuna cewa aurensa kuskuren rabo ne da na'ura za ta gyara. Ku masu kallo ma abin ya shafe ku. Wanda ya gama irin wannan fim da dare ya shiga Facebook yana lalubo sunan tsohuwar budurwarsa, ya ajiye wayar.

Saura ƙarshen labari, inda marubucinmu yake da wata ɓarauniyar hanya da Bature ba shi da ita. Jarumi ya dawo duniyarsa, ya nemo tsohuwar masoyiyar, ya ƙara aure da ita, a tashi fim da biki. Ƙarin aure halal ne, ba a kansa muke magana ba. Matsalar ita ce wannan ƙarshen yana goge farashin da aka shafe minti 80 ana ginawa, ya mai da uwargida matattakala. Kuma ya saɓa wa takardar da ka raba biyu tun farko. Matar da ke wannan duniya ba ita ce wadda ya zauna da ita a can ba. Ita ma ta yi nata shekarun, wataƙila tana gidan mijinta da 'ya'ya huɗu, ba ta ma tuna launin babur ɗinsa ba. Idan har sai sun haɗu, ka rubuta haɗuwar yadda za ta kasance: gaisuwa a bakin asibiti ko a gidan suna, ta tambaye shi iyali, ya ce lafiya lau, mijinta ya yi mata hon daga waje ta wuce. Shafukan da suka rage ka ba uwargida, domin tana da tambayar inda ya shiga duk kwanakin nan, kuma ba lallai ne ta karɓi amsar farko ba.