Igiyar dillali ce ke tsara Kano

Duk wanda ya san Kano shekara 30 da suka wuce ya san Rijiyar Zaki da Sheka bakin gari ne, kana wuce su sai gonakin gero da dawa. Yau gari ya haɗiye su, ya cinye rabin Ungogo da Kumbotso, ya fara leƙa Gezawa, Tofa da Dawakin Kudu. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9.4, kaso mai tsoka cikinsu a cunkushe a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye. Haihuwa ba ta tsaya ba tun daga lokacin, ga masu baro ƙauye neman abinci, ga waɗanda Boko Haram da 'yan bindiga suka koro daga Borno, Yobe, Zamfara da Katsina.

Da an taɓo maganar ambaliya ko ƙarancin ruwa, sai jami'ai su ce jama'a ce ta yi yawa. Ban gamsu ba. Kano garin kasuwa ne, da baƙi ya ginu tun zamanin fatake. Inda gizo ke saƙar shi ne mai gini ke fara isa fili, hukuma kuma sai an tare, an haifi 'ya'ya, sannan ta iso.

Yadda awon igiya ke tafiya kowa ya sani. Manomi ya sayar da gona, dillali ya yayyanka ta, mai unguwa ya sa hannu a takarda, shi ke nan. Tunda kowane taku kuɗi ne, lungun da za a bari da ƙyar zai ɗauki adaidaita sahu ɗaya. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba maƙabarta, balle hanyar ruwa. In gobara ta tashi, a bakin titi motar 'yan kwana-kwana ke tsayawa. Kowane gida ya haƙa rijiya, ya haƙa masai taku kaɗan a gefenta, damina ta sauka a shiga jinyar amai da gudawa.

Ba na ganin laifin mai saye. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, amma in gwamnati ta yanka fulotai, masu uwa a gindin murhu ne ke fara samu, su sayar da tsada. Malamin firamare da haya ta ishe shi ina zai nufa in ba wajen dillali ba?

Cikin gari ma ba a tsira ba. Kududdufan da ke cikin Badala da kewayenta asalinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. An bi su ana cikewa da shara, ana dasa shaguna da gidaje a kai, ba tare da an yi wa ruwan wata mafita ba. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A daminar 2022 ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka riƙa nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai.

Ga matatun Tamburawa, Challawa da Watari, amma bututu bai bi sababbin unguwanni ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, talaka ya jira ɗan ga-ruwa, ya sayi jarka da tsadar da ta fi ta famfo nesa ba kusa ba.

Gwamnatoci sun yi aiki, ba a musu. An yi gadojin sama a Ƙofar Nassarawa, Dangi da Hotoro, an gina rukunin gidajen Amana, Kwankwasiyya da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015. Sai dai gada tana rage cunkoson shataletale ɗaya ne kawai, gidajen kuma ba aljihun mai sayen awon igiya aka duba aka gina su ba. Rusau irin wanda gwamnatin jiha ta yi a 2023 ya jawo shari'u da asara, kuma ko mai goyon bayansa ya san ba za a rushe Kurna ko Rimin Kebe don a fitar da titi ba.

Abin da ya rage mai arha shi ne hukumar tsara birane ta KNUPDA ta riga dillali isa gonakin da ba a yanka ba tukuna. Ta fitar da manyan tituna da magudanai, ta ware filin makaranta, asibiti da maƙabarta, ta kafa duwatsun shaida, ta biya manomi diyyar abin da ta ɗauka a kan lokaci. Sauran ya sayar da abinsa yadda ya ga dama. Masarauta kuma ta hana dagatai da masu unguwanni sa hannu a cinikin da bai bi wannan taswira ba. Aiki ne da ba a yanka masa ƙyalle a kira 'yan jarida, shi ya sa nake zargin ba ya burge 'yan siyasa. Amma titin da za a fitar yau a hanyar Gezawa da diyyar kuka biyu da kan dawa, nan da shekara 10 sai an biya diyyar gidaje kafin a same shi.